Salsalar gidan sarautar Arewa da ƙaurace-ƙauracen Arawa

Duk wanda ya zauna da dattawan Matankari ko na Tibiri ya tambaye su asalin gidan sarautar Arewa, amsar da zai fara ji ita ce, daga Barno. In ya matsa zuwa Lugu ko Bagaji ya tambayi asalin mutanen wurin, sai a ce masa daga Daura. Kwari guda ne, Dallol Mawri, harshe kuma guda ne, Hausa, amma salsala biyu ce, kowace kuwa da tafiya take farawa. Wannan rubutu zai bi sawun ta farkon, wato ta Arawa, tun daga baƙon da aka ce ya zo daga gabas har zuwa rassan da suka bar kwarin suka zauna Kabi da ƙasar Zabarma da Kurmi. Abin da ya sa muka kawo shi cikin mujallar binciken harshe shi ne, kusan duk hujjar da muke da ita a kan wannan tarihi kalmomi ne: sunayen mutane, da na garuruwa, da na sarautu. Mu ne kuma, masu tsara ƙa'idojin rubutu da littattafan yaƙi da jahilci, ake jira mu yanke yadda za a rubuta su.

Domin a ga girman matsalar, bari mu fara duba yadda ake irin wannan aiki a inda takarda ta wadata. Tsakanin 1820 da 1920 Jamusawa fiye da miliyan 5 suka ƙaura zuwa Amurka, wasu kuma sun riga su tun ƙarni na 17 da na 18. Jikokinsu na yau, in suna neman asalinsu, abu uku suke dogara da shi. Na farko littattafan coci, inda ake rubuta ranar baftisma da ta aure da ta mutuwa. Majalisar Trente ta wajabta wa Katolika rubuta baftisma da aure a 1563, ƴan Furotesta ma sun riƙe nasu tun cikin wannan ƙarni. Na biyu jerin sunayen waɗanda suka shiga jirgin ruwa: hukumar Pensilbaniya ta tilasta wa masu jirage su ba da sunayen baƙin da suka sauke a Filadelfiya tun 1727, na tashar Hamburg kuma suna nan a ajiye daga 1850 zuwa 1934. Na uku, wanda ya fi sauran amfani ko da yake ba a cika lura da shi ba, sunan gida ne da ɗa ke gada wurin uba, jika ya gada wurin ɗa, ba ya sakewa. Da waɗannan aka bi gidan Dwight Eisenhower, wanda ya shugabanci Amurka daga 1953 zuwa 1961, har aka kai ga Hans Nikolaus Eisenhauer, wanda ya taso daga ƙauyen Karlsbrunn na yankin Saar ya sauka Filadelfiya a 1741. Sunan ya ɗan karkace a bakin masu Ingilishi, Jamusanci ya fita daga gidan, amma igiyar ba ta tsinke ba.

Ko a can ɗin takarda tana da iyaka. Yaƙin da aka yi shekara talatin ana gwabzawa, daga 1618 zuwa 1648, ya cinye littattafan coci masu yawa, saboda haka da wuya a bi gidan talakan Jamus a wuce tsakiyar ƙarni na 17. Hukumomin Bremen, tashar da ta fi kowace fitar da masu ƙaura, sun riƙa lalata tsofaffin jerin sunayensu tun daga 1875 don rashin wurin ajiya. To, wajen lokacin da takardun talakan Jamus ke ƙarewa in ana komawa baya, wajen nan ne labarin gidan Arewa ke farawa, shi kuwa baki kaɗai ya ɗauko shi.

Baƙo daga Barno

Ga abin da ruwayoyin suka haɗu a kai. Kafin zuwan sarauta, kwarin yana hannun Gubawa, ƴan ƙasa, masu alkawari da iskokin wurin. Manyansu su ne Sarauniya a Lugu, wadda aka ce ta farkonsu ta zo daga Daura da dutsen Tunguma mai yanke shari'a, da kuma Baura a Bagaji. Sai rundunar Barno ta ratsa ƙasar. Wani ɗan sarki da ke cikin rundunar, Ari, aka ba shi ƴar gidan Baura, aka haifi Akazama, wanda daga gare shi ake ƙirga sarakunan Arewa. A kan sauran bayani, kamar dalilin zuwan rundunar da tsawon zaman baƙon, kowane gari da yadda yake faɗi.

Marc-Henri Piault, cikin littafinsa Histoire Mawri na 1970, ya nuna yadda aka raba iko biyu a wannan ƙasa: ƙasa da tsafinta na Gubawa, sarauta da doki na Arawa. In aka dubi labarin auren da wannan ido, sai a ga aikin da yake yi. Sarkin Arewa ɗan mace ne a gidan ƴan ƙasa. Ɗan mace a al'adar Hausa ba ya gadon abin da ke bin jinin maza a gidan kakansa, amma ba a korarsa, ba a kuma ce masa baƙo. Da jimla guda labarin ya hana sarki taɓa abin da ke hannun Baura da Sarauniya, ya kuma hana Gubawa su ce masa ya koma inda ya fito. Littafin coci ranar haihuwa yake ajiyewa. Wannan salsala haƙƙi take ajiyewa, wa ke da ƙasa, wa ke da rawani, kuma wanda ya karanta ta kamar littafin coci zai yi ta neman ranakun da ba ta taɓa ɗaukar nauyin riƙewa ba.

Wannan ba ya nufin babu tarihi a ciki. Akwai abin da harshe zai iya gwadawa, kuma nan ne na ga ya kamata mu daɗe.

Mu fara da sunan Ari. Haka Barebari ke faɗin Ali, kamar yadda suke mai da Abubakar Bukar, Muhammadu kuma Modu. Har yau suna ne da ya yawaita a jahar Difa. Da a ce wani malami ne ya ƙago labarin daga baya don ya ɗaukaka gidan sarki, Ali ko Aliyu za mu ji, don haka littattafai ke kawo shi. Siffar da sunan ya zo da ita tana nuna cewa daga bakin mutanen Barno aka ji shi. Akwai kuma shaida daga waje cewa rundunar Barno ta taɓa isowa wannan gefe: Muhammadu Bello, cikin Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, ya ba da labarin sarkin Barno da ya zo ya kewaye Kanta a Surame, babban birnin Kabi na wancan zamani, wanda kufansa ke cikin jahar Sakkwato ta yau. Kanta ya yi mulki a rabin farko na ƙarni na 16, masu ƙirga zuriya kuwa sukan ajiye Akazama wajen ƙarni na 17. Akwai rata tsakani, ni kuwa ban ga dalilin cike ta da ƙarfi ba. Abin da shaidun biyu suka ba mu shi ne, Barno ba mafarki ba ce ga mutanen Dallol. Ƙasa ce da dawakinta suka taɓa taka maƙwabtansu, kuma jingina da ita a wancan lokaci jingina ne da sarauta mafi girma da aka sani.

Sai sunan jama'ar. Ɗafa-ƙeyar -awa tana hawa sunan mutum ta ba da zuriyarsa ko mabiyansa, kamar Rumfawa da Kutumbawa a tarihin Kano, tana kuma hawa sunan sarauta, kamar Konawa, gidan Kona na garin Dogon Dutsi. Saboda haka Ari ya ba da Arawa, tilo Ba'are, ba tare da an karya wata ƙa'ida ba. Amma a lura, tsarin nan shi ne daidai na Kabi, Bakabe, Kabawa, inda tushen sunan ƙasa ne. Ginin kalmar kaɗai ba zai faɗa mana ko Ari mutum ne da aka sa wa jama'a sunansa, ko kuwa tsohon suna ne da aka mai da shi mutum daga baya ba. Abu ne da ya sha faruwa a salsalar al'ummomi. Wasu kuma sukan ce sunan ƙasar ba kome ba ne illa arewa ta jiha, don ga Bakaben Argungu kwarin yana wajen arewa. Wannan yana iya bayyana sunan ƙasar, amma ba ya bayyana na mutanen, don da daga arewa aka ciro shi, Arewawa ƙa'ida za ta ba mu, kamar Katsinawa da Daurawa. A nawa gani sunan jama'ar ne tsoho, na ƙasar kuma kalmar yau da kullum ta ja shi zuwa gare ta saboda kamannin sauti.

Mawri kuwa, da shi Zabarmawa ke kiran su. Heinrich Barth, Bajamushen nan ɗan Hamburg, ya ratsa kwarin Foga a watan Yuni 1853 a hanyarsa daga Gwandu zuwa Say, kuma ya rubuta sunayen biyu, Mauri da Arewa, a kan ƙasa guda. Ke nan dukansu sun girmi mulkin mallaka. Faransawa ta yamma suka shigo, ta Say da Doso, sai suka ɗauki sunan da suka tarar a bakin mutanen yamma. Dallol kuma kalmar Fulatanci ce. Haka aka wayi gari ƙasar masu jin Hausa tana ɗauke, a kan taswira, da suna rabi Fulatanci rabi Zabarmanci cikin rubutun Faransanci.

Wani ɗan gargaɗi game da Akazama. Mai karatu da kunnen Kano zai ji sunan kamar jimla, aka zama, har ya gina masa fassara. Amma a karin harshen yamma, wanda na Arewa ke cikinsa, anka ake cewa, kamar munka da sunka. Duk wanda zai fassara tsohon suna daga wannan yanki, da karin harshen yankin ya kamata ya auna shi, in ba haka ba zai ƙara wa tarihin tatsuniyar da masu shi ba su sani ba.

Yadda baki ke ƙirga

Jan Vansina ya riga ya ja kunnen masu bincike tun 1961, cikin De la tradition orale, cewa jerin zuriya na baka yakan taƙaita a tsakiya: ana riƙe kakan farko don shi ne tushen haƙƙi, ana riƙe na kusa don an san su, na tsakani kuwa su narke. A Hausa akwai dalilai na harshe da ke ƙara wannan, kuma ban ga an ba su kulawar da ta dace ba.

Kalmar ɗa tana ɗaukar ɗan cikinka da ɗan wanka da ɗan ƙanenka. Uba yana ɗaukar mahaifi da ƴan'uwansa maza. Kaka kuwa ba ta da iyaka, daga mahaifin uba har zuwa Ari kansa. In dattijo ya ce wane ɗan wane ne, gaskiya ya faɗa bisa ma'anar harshensa. Mai fassara ne, da ya rubuta fils de, ya mai da maganar ƙunci. Ga kuma alkunya. Iyaye ba su kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, yaron da aka sa wa sunan kakansa da wani suna ake kiransa a gida. Sakamakon haka laƙabi ne ke rayuwa, sunan yanka ya ɓace, mutum guda ya shiga jeri biyu da suna biyu, ko mutum biyu masu laƙabi guda su haɗe su zama ɗaya. Maroƙa da makaɗa, waɗanda su ne ma'ajiyar jerin, kirari suke riƙewa, kirari kuwa na wanda ya yi abin faɗi ne. Sarkin da ya yi shekara biyu cikin lumana yana iya faɗuwa daga jerin ba wanda ya lura.

Sannan sarauta a Arewa ba ta sauka daga uba zuwa ɗa a miƙe. Tana zagayawa tsakanin ƴan'uwa da rassan gida. Jerin sarakuna daban, jerin haihuwa daban. Wanda ya ɗauki sunaye goma sha biyar ya ba kowane shekara ashirin da biyar zai tura farkon gidan baya da ƙarni guda ko fiye, in rabin mutanen wa da ƙane ne.

Mata kuwa, in ban da ƴar Baura, da wuya jerin ya ambace su, alhali ta wurin uwa ake gane rassan. Ƴan uba da ƴan ɗaki ba matsayinsu guda ba a rikicin sarauta, kuma kalmar ƴan'ubanci kanta ta isa shaida.

Wannan zagayawar sarauta ita ce ta fara fitar da Arawa daga gida. Ɗan sarkin da ya nema ya rasa, da wuya ya zauna ƙarƙashin wanda ya kada shi. Sai ya kwashi mutanensa ya gangara kwarin, ya sari daji, ya kafa gari, ya ɗauki sarauta tasa. Gidajen sarautar Tibiri da Takasaba da Karakara duk suna kai salsalarsu ga tushe guda da na Matankari. A ƙarni na 19 reshen Tibiri ya yi ƙarfi ƙwarai a hannun Samna Ƙarhe, a zamanin da Kabawa suka tashi a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame suka yi wa Gwandu da Sakkwato tawaye, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suna mara musu baya, har aka kai ga sulhun da ake kira Lafiyar Toga wajen 1867. A nan sai mai binciken takardu ya yi hattara: Faransawa sun rubuta wannan gari da Tsibirin Gobir na kusa da Maradi da haruffa iri ɗaya, Tibiri, alhali sarautu biyu ne da ba su haɗa gida ba.

Iyaka, yunwa da Kurmi

Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu ranar 14 ga Yuni 1898 ta bi tsakiyar Dallol Mawri ta mai da shi iyaka, har zuwa inda ya haɗu da da'irar da aka zana mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Wato kwarin da ya haɗa Arawa shi aka zaɓa ya raba su. A watan Afrilu 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, Sarauniya Mangu da mutanenta suka yi tsayayya, aka ƙone garin, jama'a suka watse. An sake gyara iyakar a 1904 da 1906, sannan ayarin Tilho ya bi ta yana kafa alamu. Tafintan ayarin, Landeroin, wanda ya san Hausa har ya wallafa nahawu da ƙamus tare da Tilho, ya tattara jerin sarakunan ƙasashen da ke tsakanin tafkin Cadi da Kwara, aka buga su a 1911. Irin waɗannan jeri, da na kwamandojin da suka biyo baya, suna da daraja don sun kama maganar tsofaffin da suka ga ƙarni na 19 da idonsu. Amma a bakin wa aka ɗauke su? Galibi a fadar wanda ke kan gado ranar da Nasara ya zo, da tafinta a tsakani, a gaban mutanen da suka riga suka gane cewa abin da aka rubuta shi zai tsaya. Da aka yanka ƙasar kanto-kanto, aka mai da kujerar Sarkin Arewa daga Matankari zuwa Dogon Dutsi kusa da bariki, reshen da takarda ta sani ya samu gindin zama, wanda ba ta sani ba ya koma neman shaida.

Ƙaurar da ta biyo baya ta talakawa ce. Haraji da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946, da yunwar 1931 da fara ta jawo a yammacin Nijar, sun tura gidaje da yawa ƙetaren iyaka wurin danginsu. Arawan jahar Kabi ta Nijeriya suna da ƙaramar hukuma mai ɗauke da sunansu, Arewa Dandi, mai hedikwata a Kangiwa. Wasunsu iyakar ce ta same su a can, wasu daga baya suka isa. Samari kuma suka kama hanyar Kurmi, zuwa zangon Kumasi da na Ankara, ƙaurar da Jean Rouch ya yi nazarinta cikin aikin da ya buga a 1956. Wasu ci-rani ne, su dawo da damina. Wasu suka yi aure suka zauna, har dokar korar baƙi ta Gana ta 1969 ta komo da da yawa daga cikinsu gida da ƴaƴan da ba su taɓa ganin Dutsi ba. Babu jerin fasinja ko guda da ya rubuta waɗannan tafiye-tafiye. Da ƙafa aka yi su, daga baya da mota.

Reshen da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne na yamma. A Sokorbe, cikin gundumar Loga, da wasu wurare na ƙasar Zabarma, akwai Mawri da ba su jin Hausa sai Zabarmanci, kamar yadda ake samun Gube masu Zabarmanci. A Yamai kanta, ɗaya daga tsofaffin unguwannin da suka riga zaman garin babban birni a 1926 ita ce wadda ake rubutawa Maourey. Ƙarshen kalmar, -ey, alamar jam'i ce ta Zabarmanci, kamar yadda boro ke zama borey. Sunan unguwar daidai yake da a ce Arawa. Kowane gida daga cikinsu da nasa labarin hanyar da ya biyo, amma abu biyu suka riƙe bayan harshe ya sake: suna, da tsaga, layi biyu a kowane kunci daga gefen baki zuwa wajen kunne. Aikin da sunan gida ya yi wa zuriyar Eisenhauer, askar wanzami ce ta yi wa Arawa shi. Yanzu tsagar tana ƙarewa, yaran birni ba a yi musu, kuma ba ni cikin masu kukan hakan. Amma sai mu sani cewa shaidar da ake karantawa a fuska ta kusa rufewa, nauyin ya koma kan takarda.

Abin da ya rage mana

Takardar kuwa, ga halin da take ciki. A Nijar sunan uba ne ke zama suna na biyu, saboda haka suna na biyu yana sakewa a kowace zuriya: Isufu ɗan Mamman ya haifi Ali Isufu, shi kuma ya haifi Hasan Ali, a hawa na uku ba abin da ya rage na Mamman. Takardar mahaifina cewa ta yi né vers, an haife shi wajen shekara kaza, kuma na ga takardu uku nasa da rubutun suna iri uku, kowane magatakarda da kunnensa. Wa da ƙane da iyaka ta raba, ɗaya Issoufou ne ɗaya Yusufu, ɗaya Ousmane ɗaya Usman, ɗaya ɗan Aréoua ɗaya ɗan Arewa. Lugu ta zama Lougou, Sarauniya ta zama Sarraounia, da wannan rubutu kuma duniya ta san ta ta littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986. Wani lokaci rubutun baƙon yakan adana gaskiya ba da niyya ba: tch ɗin da ke cikin Dogondoutchi ya kama yadda mutanen yamma ke furta ts a gaban i, abin da daidaitaccen rubutu ke ɓoyewa.

Maganar ba ta masana kaɗai ba ce. Dokar 2015 da ta tsara sarautar gargajiya a Nijar ta bar takarar kujerar kanto ga wanda al'ada ta ba haƙƙin nema, haƙƙin nan kuwa da salsala ake tabbatar da shi. Gonakin kwari ma haka. Duk jerin da muka buga cikin littafin karatun manya, da hatimin hukuma a bangonsa, wata rana za a buɗe shi a gaban masu zaɓen sarki ko a gaban alƙali a Dogon Dutsi ko a Tibiri, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta tun 2011. Ɗan ajin yaƙi da jahilci da ya fara karatu da tarihin garinsu zai ɗauki abin da ya gani a rubuce ya fi abin da kakarsa ta faɗa masa, ko da kakar ce ta fi mu sani.

Taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, da dokar 1999 sun tsaida mana haruffa, kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 kuma ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Abin da ya saura shi ne ladabin aiki da sunaye. Ina ganin kada a buga jeri guda a ce shi ne salsalar Arewa. A buga na Matankari da na Tibiri da na Karakara da na Kangiwa gefe da gefe, kowane da garin da aka ɗauke shi, da shekara, da matsayin mai faɗi, ɗan sarki ne ko makaɗi ko ɗan ƙasa, a kuma nemi na Lugu da Bagaji, don su ma suna da abin faɗi a kan surukinsu. A bar kalmar dangantaka yadda aka furta ta, in an tambaya aka samu ƙarin bayani, ɗan ciki ne ko ɗan wa, a rubuta shi daban. A tambayi tsofaffin mata sunayen iyaye mata da garuruwansu, don nan ne hanyoyin ƙaura ke fitowa. Faifan da ke ajiye a IRSH da CELHTO a Yamai, a koma a saurare su da Hausarsu kafin a dogara da fassarar Faransanci. Kowane suna kuma a ba shi rubutun Hausa, a biyo da siffofin da takardun Faransanci da na Ingilishi suka ba shi, don mai nema daga Kangiwa ko Kumasi ya gane nasa.

Akwai inda ƙa'idar da kanta za ta ba mu wuya. Daidaitacciyar Hausa ƙarfe take rubutawa, mutanen Arewa kuwa ƙarhe suke cewa, takardun Faransanci kuma suna da Karfé da Karhé duka biyu, babu ƙugiya a kan ko ɗaya. In kalmar ta zo cikin darasin maƙera, sai mu bi ƙa'ida. Amma sunan Samna na Tibiri, a littafin da za a kai wa jikokinsa, Ƙarhe zan rubuta, in sa ɗayar siffar a ƙasan shafi.